Gwangwanin da ke Cikin Firij

Na ji Maryam tana gaya wa ƙawarta wai mahaifinku ne ya hana ni rubuta labaran soyayya, kuma na lura dukanku kun tafi a kan haka. Ku sauke masa wannan laifin, Allah ya jiƙansa. Mutumin da yake sayo mini littafin rubutu mai kaurin bango duk ƙarshen wata, ya zauna yana dariyar sunayen da nake raɗa wa samarina na takarda, ba shi zai hana ni ba. Ni na ajiye biro da kaina, a shekarar da na yi aiki a wani gida a Maitama.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗi kuwa ya shigo Abuja kamar an ɓalle bakin famfo. Duk inda ka duba gini ake yi. Muna zaune a Kubwa, mahaifinku yana aiki a ma'aikatar tarayya, ni kuma ina gida da takardar koyon buga keken rubutu da tulin littattafan da nake aikawa a sayo mini daga Kano. Na karanta su har na haddace yadda ake kwatanta budurwa tun daga gashin kai har yatsun ƙafa. Wata rana ya dawo ya ce wani Ba'amurke mai aiki da kamfanin gine-gine yana neman mace mai jin Turanci da za ta riƙa buga wa mahaifiyarsa rubutu, don idon tsohuwar ya fara mutuwa.

"Ki je ki gani, Saude," in ji shi. "Wataƙila ita ma soyayya take rubutawa, ku haɗu ku yi ta kuka."

Gidan yana can ƙarshen wani layi da ba ka jin motsin kowa sai na mai ban ruwan furanni. Gidajen da ke kewaye manya ne, sababbi fil, amma labulensu ba ya motsi, don masu su suna Legas ko Landan, maigadi kaɗai ke gyangyaɗi a ƙofa. Ɗan tsohuwar, wanda kowa ke kira Oga, fitar safe yake yi. Cikin gidan sai Mama Ladi mai dafa abinci, wata dattijuwa 'yar Filato, sai kuma Madam. Madam ta haura tamanin, 'yar ƙarama, farar fatarta kamar takardar da aka daɗe da ninkewa. Ranar farko ta kama hannuna ta kai ni bakin taga.

"Kin ga layin nan, Saudatu? Na san shi tun kafin a gina shi. A Gidanmu muna da irinsa. Titi guda, gidaje masu kyau, ka tura ƙofa ka tarar babu komai a baya sai katakon da ya tokare bangon."

Gidanmu shi ne abin da take kiran wani babban kamfanin shirya fim na ƙasarsu, inda ta yi shekara arba'in tana aiki, kuma tarihinsa take son rubutawa. Ba ta cika faɗin sunansa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Kullum da hantsi takan zauna a kujerarta ta rufe ido ta yi ta magana, ni ina bugawa. Ta ce waɗanda suka kafa shi baƙi ne da suka tsallako teku ba su da komai, suka fara da nuna hoto mai motsi a ƙananan shaguna, daga baya suka bi rana zuwa yamma, saboda a lokacin sai da hasken rana ake ɗaukar fim. Suka sayi gonar lemo suka sare itatuwan, suka kafa garin katako. Fim na farko ba ya magana, sai dai a rubuta abin da mutum ya ce a nuna. Yarinya za ta shigo ƙofar da sunan da ubanta ya raɗa mata, ta fita da wani, an canza mata garin haihuwa, har saurayi ake ƙirƙira mata don 'yan jarida. Daga nan murya ta zo, launi ya zo, talabijin ya zo ya kwashe 'yan kallo, a ƙarshe aka sayar da Gidan ga mutanen da ba su taɓa riƙe fim a hannu ba, suka yi gwanjon rigunan matattu. Ita aikinta almakashi da gam. Za a kawo mata fim mai tsawo ta yanke abin da ba a so, ya faɗi ƙasa, da yamma a share. Wani lokaci a tsakiyar magana takan ce:

"Duk wanda na ambata miki yau ya mutu. Amma ki sa fim ɗin, ga shi nan yana gudu zai kama jirgin ƙasa. Kuma kullum sai ya makara."

Tsigar jikina takan tashi, amma ina son abin. Ban taɓa samun littafin da ya kai tsohuwar nan daɗi ba.

Mama Ladi ce ta fara nuna mini gwangwanin. Yana can ƙasan firij, faffaɗa kamar murfin tukunya, ya yi tsatsa a gefe, murfinsa ya ɗan kumbura. Wani wari ke fita daga cikinsa, mai tsami, mai shiga maƙogwaro.

"Maman Maryam, ki saurara," ta ce da Hausarta. "Wannan abu na Madam, yana numfashi. Idan gida ya yi shiru zaki ji shi, ƙas, ƙas. Na sa nama kusa da shi, nama ya yi warin asibiti. Na gaya ma Oga, gawa ba ya zama da abinci, ya yi dariya."

Na kasa kunne, kuma wallahi na ji. Murfin ya yi ƙas sau ɗaya, kamar an taɓa shi da farce daga ciki.

Na tambayi Madam. Ta ce mahaifiyarta ce a ciki. Uwar tana cikin 'yan matan da aka canza wa suna a zamanin fim marar magana, kuma ta fara tashe. Da murya ta zo aka ji harshenta na baƙuwa ne, sai aka sallame ta. Ba ta yi shekara biyu ba ta rasu, Madam tana 'yar shekara bakwai. Bayan haka rumbun da ake ajiye tsofaffin finafinai ya kama wuta, duk abin da uwar ta fito a ciki ya ƙone. Hotuna kuwa uban Madam ya yayyaga su cikin baƙin ciki. Abin da ya rage a duniya shi ne wani guntun fim da aka yanke aka yar, bai fi minti biyu ba, wanda wani tsoho a ɗakin yanka ya tsince ya ɓoye, ya ba Madam ranar da ta fara aiki. Sau ɗaya ta taɓa kallonsa tana budurwa. Tun daga nan take tsoron kada na'ura ta cinye shi, ta yi ta yawo da shi daga firij zuwa firij.

"Fuskar ta gudu daga kaina," ta ce. "Ina tuna rigar, ina tuna ƙofar da ta shigo, fuskar ce babu. Har yanzu ina ganin abu idan babba ne kuma da haske. Likita yana so ya yi wa idon dama aiki, shi ne mai sauran gani, ya ce ko a dace ko a rasa shi. Ina so in gan ta kafin a taɓa shi."

Ku da kuka san ni kun san abin da wannan magana ta yi mini. Uwa, 'ya, teku, shekara saba'in. Na yi kuka a kan keken rubutu, na yi mata alkawari tun kafin in san ta inda zan fara.

Mahaifinku ne ya samo Malam Tanko. Tsohon afareta ne, mai haska fim, a wata silima a Kaduna. Da aka rufe silimar ya koma sayar da kwanon rufi a kasuwar Dei-Dei, amma ya sayi injin haska fim ɗin a matsayin tsohon ƙarfe, ya ajiye a sitonsa yana zuba masa mai kamar mai jiran wani ya dawo. Ya zo Maitama da farar hularsa, ya buɗe gwangwanin, ya shaƙa, ya ja da baya, ya dube ni.

"Hajiya, wannan ai ba fim ba ne, albarushi ne. Irin na da ne. Mu ma a labari muka fi saninsa."

Ya yanki ɗan ƙyalle daga bakin naɗin fim ɗin, inda babu hoto, ya fita tsakar gida ya ƙyasta masa ashana ya jefa cikin bokitin ruwa. Abin ya ci gaba da ci a ƙarƙashin ruwan, yana huci, yana fitar da hayaƙi rawaya. Mama Ladi ta kira sunan Yesu ta koma kicin. Sa'an nan ya warware kamar kamu ɗaya a hankali ya ɗaga wajen hasken taga. Na leƙa na ga 'yan ƙananan hotuna a jere, tsaf da su: ɗaki, kujera, ƙofa a rufe. Ya ƙi warwarewa fiye da haka, ya ce ya yi rauni.

"Da sauran ransa. Zai yi tafiya ɗaya, ban ce biyu ba. Amma kada ya ga wuta. Ko ashana, ko sigari, ko kaskon turare."

Aka sa ranar Asabar bayan azahar, a sitonsa.

Farkon damina ne. Tun ranar Juma'a aka ɗauke wuta a layin, janareta ya ƙi tashi, Oga kuma ya yi tafiya. Da na iso da safiyar Asabar Madam ba ta tashi ba. Na buɗe firij na tarar ƙanƙara ta narke, ruwa ya taru a ƙasa, gwangwanin yana zaune a ciki. Na buɗe shi. Ruwa bai shiga sosai ba, amma naɗin ya yi gumi, duk ya yi danshi.

A nan nake so ku fahimce ni. Tun ina yarinya abu ɗaya na sani game da danshi. Katifa ta jiƙe, a shanya. Hatsi ya yi sanyi, a shanya. Littattafaina da rufi ya yi wa yoyo, a rana na jera su suka warke. Malam Tanko ya ce wuta, bai ce rana ba, kuma ban taɓa lissafa rana cikin abubuwan da ke ɓata kaya ba. Ko tunanin tada Madam ban yi ba. So nake ta tashi ta tarar komai lafiya, kamar yadda ake yi a littafi. Na ɗora naɗin a kan tire na kai bayan kicin, na ajiye a kan siminti kusa da tattasan da Mama Ladi ta baza.

"Yauwa," in ji ta. "Bari ya sha rana, ko warin ma ya fita."

Rana ta fito irin ta bayan ruwa, mai cizo. Ya fi awa ɗaya a wurin. Har juya shi na yi don ɗaya gefen ya samu. Da na ɗauko ya yi zafi, yana ɗan kama yatsa kamar alewa, na ce a raina ai da ya huce shi ke nan. Na mayar da shi gwangwani ina jin daɗin kaina.

Direba ya kai mu Dei-Dei. Madam ta sa wata shuɗiyar riga da ban taɓa gani ba, ta shafa jan baki. Muka ratsa manyan motoci da tulin rodi da garken shanu, 'yan dako suna tsayawa kallon tsohuwar Baturiya tana dogara sanda. Siton yana bayan shagon, ba taga. Malam Tanko ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa, ya jera bokitan yashi kusa da injin, ya ajiye kujera taku uku daga bangon. Da aka ja ƙofa duhu ya rufe mu da rana tsaka, sai ɗigon haske ta hudojin kwano. Na zaunar da Madam na tsaya a bayanta. Na ji ya buɗe gwangwanin, ya haska tocila. Da ya yi magana da Hausa ya yi, ƙasa-ƙasa.

"Hajiya. Wa ya sa shi a rana?"

Ya taɓa naɗin da yatsa.

"Ya dahu. Ya manne da juna. Innalillahi." Ya yi ajiyar zuciya. "Zan lallaɓa shi ya wuce, amma ki gaya mata tun yanzu."

"Me yake cewa?" in ji Madam.

"Ya ce ya kusa gamawa," na ce.

Janareta ya tashi a waje, injin ya fara taf-taf-taf, haske ya faɗa bangon. Ga ɗakin, ga kujerar, ga ƙofar, manya, a fili. Madam ta damƙe hannuna ta ce tana ganin ƙofar. Ƙofar ta buɗe. Wata mace ta shigo cikin farar riga, daga nesa, kanta a sunkuye. Ta tako zuwa gare mu, ta fara ɗago kai.

Daga nan bangon ya fara tafasa. Wani abu mai kalar zuma ya ɓullo daga gefe ya malale ɗakin. Rigar tana nan, kafaɗun suna nan, hannu yana motsi, amma inda fuska take sai kumfa, tana kumbura tana fashewa, wani rami baƙi yana buɗewa yana rufewa kamar baki mai son yin magana. Matar ta ci gaba da matsowa har ta cika bangon. Na sha ganin abin tsoro a mafarki, ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma na san hannuna ne ya yi shi. A waje wata saniya tana ta kuka.

"Saudatu," in ji Madam, muryarta ta zama ta yarinya. "Ba na ganinta. Hayaƙi kawai nake gani. Idona ne, ko? Ya tafi?"

Ga inda ya kamata in ce a'a, idonki lafiya, ni ce na shanya mahaifiyarki kusa da tattasai. Kalmomin suna bakina. Malam Tanko ya ce daga baya, "Hajiya, ki ji tsoron Allah." Amma hannunta yana cikin nawa, ga jan bakin da ta shafa. Na kasa zama wadda ta yi wannan a idonta.

"Tana nan, Madam," na ce. "Ni ina ganinta sarai."

"To gaya mini. Yi sauri."

Ban san fuskar Baturiya ta wancan zamani ba. Abin da na sani shi ne abin da na haddace. Na buɗe baki sai ga shi yana zuba. Na ce doguwa ce, mai dogon wuya. Na ce idanunta manya ne, farare kamar madara, gashin girarta kamar an zana. Na ce ta dubi ƙasa don kunya sa'an nan ta ɗago. A bango ramin nan yana ta buɗewa yana rufewa.

"Ta yi murmushi?"

"Ta yi. Tana da wushirya, 'yar siririya, a tsakiyar haƙoranta na sama."

Wutsiyar fim ɗin ta fita tana dukan injin, bangon ya koma fari fat.

"Ban tuna ta da murmushi ba," in ji Madam a hankali. "Duk shekarun nan."

Malam Tanko ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ƙi bari mu shiga mota da naɗin, ya ce zai iya kamawa a hanya. Madam ta ce a bar masa, ba ta da sauran amfani da shi. Da muka fito bai dube ni ba.

Ranar Litinin Oga ya dawo ya yi maganar likita. Ina zaune a wurin ta ce ba za a yi aikin ba.

"Na zauna taku uku daga fuska mai girman bango ban gan ta ba. Me ya rage da zai gyara?"

Ta daina ɗiga maganin ido. Ta sa aka saki labule, ta daina zuwa bakin taga. Mama Ladi ta tare ni a kicin ta ce, "Maman Maryam, mu biyu mun sani. Ke ne mai Turanci." Sau uku ina shiga ɗakin da niyyar faɗa. Na farko na tarar tana barci. Na biyu ta riga ni magana, ta ce in sake gaya mata yadda uwar ta ɗago kai, na sake, har na ƙara da abin da ban faɗa ba a sito. Na uku na tsaya a ƙofa na ga tana zaune cikin duhu ita kaɗai tana murmushi, tana taɓa haƙoranta na sama da yatsa. Na juya. Kafin damina ta ƙare idon daman ya rufe gaba ɗaya, likita ya ce lokacin aiki ya wuce. Ko da an yi za a dace, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba a gwada ba, kuma saboda ni ne.

Mun gama littafin sati biyu kafin Oga ya mayar da ita ƙasarsu. Mun bi Gidan tun daga gonar lemo har ranar gwanjo. A rana ta ƙarshe ta ce saura shafi ɗaya, wanda za a sa a farko, kuma shi ne kaɗai abin da ke cikin littafin da babu wanda zai iya samu a wani wuri. Na sa sabuwar takarda. Ta gyara zama, ta ɗaga fuskarta wajen da take zaton ina.

"Rubuta. Mahaifiyata doguwa ce, mai dogon wuya. Idanunta manya ne, farare kamar madara. Gidanmu ya karɓe sunanta, wuta ta cinye aikinta, amma na gan ta sau ɗaya a Afirka, a cikin rumbun kwano, da idon wata yarinya mai gaskiya. Tana da 'yar siririyar wushirya. Na manta da ita, sai da aka tuna mini."

Yatsuna suka tsaya a kan keken.

"Na ji kin tsaya," ta ce. "Na yi sauri ne?"

"A'a, Madam."

Na buga shi, harafi bayan harafi, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ce in karanta mata. Na karanta tun daga farko har ƙarshe, ita kuma tana gyaɗa kai.

"Haka ne," ta ce. "Haka take."